Ranar da Ake Warware Rawani

Daga Ungogo in ka miƙa arewa zuwa Minjibir da Ɗambatta, ko ka karkata ta Dawakin Tofa zuwa Bichi da Bagwai, da wuya idonka ya faɗa kan daji. Gona ce manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ake zuba mata kowace shekara. Jakunan wannan yanki sun sha shiga birni da itace su komo da mangalar taki. Gawo da ɗorawa da kuka suna tsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. A irin wannan wuri arziki ba ya ɓuya. Maƙwabcinka ya san damin gero nawa ka ɗaure, ya san buhun gyaɗa nawa ka kai sikeli. Mutum ya wayi gari da sabon doki, ko ya ƙara aure ba a ga ya sayar da komai ba, kafin la'asar an gama yi masa lissafi a bakin kasuwa.

Wannan idon jama'a shi ne mai binciken kuɗi na farko da ƙasar Kano ta sani, tun kafin a ji sunan odita. Shi ya sa duk wanda ya tashi a nan ya ji manya suna ba da labarin masu cin kuɗin haraji, da yadda ake ƙarewa da su.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Ba a jima ba aka fitar da hakimai daga birni, aka ce kowa ya je ya zauna a ƙasarsa: Madaki a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta, haka sauran. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai albashi, haraji ya koma na tsabar kuɗi a maimakon wuri da hatsi. A gundumomin da ke kewaye da birni har gonaki aka riƙa aunawa da taku, malaman awo suna bi suna ƙirgawa, ana yanka kuɗi gwargwadon faɗin gona, kafin daga baya a koma yanka wa kowane baligi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta sami hanyar teku, sai haraji da gyaɗa suka zama abokan tafiya. Da kaka ake sayar da gyaɗa, da kaka ake bin kuɗi. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika wa Ma'aji a birni. Fulani kuma jangali ne a kansu, a kan kowace saniya.

Hannu nawa kuɗin nan suke bi kafin su isa baitulmali? A kowane hannu akwai jarrabawa. Wani ya karɓi kuɗi ya ce takardar rasit ta ƙare, a dawo gobe, goben da ba ta zuwa. Wani ya bar sunan mamaci ko na ɗan cirani a littafi ya matsa wa dangi su biya, ko kuma ya ƙi rubuta mai rai don abin da ya karɓa a hannunsa ya zama nasa. A jangali, garken shanu hamsin ya koma talatin a takarda, a raba bambancin. Amma mafi yawan waɗanda suka faɗa ba da niyyar sata suka fara ba, abin da dattawa suka fi nanatawa ke nan. Kuɗi ne a cikin jaka a ƙarƙashin gado, ga biki ya taso, ga baƙin hakimi da za a sauke, ga gaisuwar salla da ba a isa a ƙi kaiwa ba. Sai a ce bari a ranta, in an sayar da gyaɗa a mayar. Wani ma ya zuba su a cinikin gyaɗar yana sa ran riba. Farashi ya karye, ko wanda aka ba bashi ya gudu, ranar rufe littafi ta zo, kuɗi sun yi giɓi.

Daga nan ne abin da nake son mu waiwaya yake farawa.

Labari yakan riga ɗan doka isowa. Malamin haraji ya haɗa lissafi bai haɗu ba, hakimi ya aika a kira dagaci. A zaure zai zube, ya cire takalmi tun daga waje.

"Ranka ya daɗe, kuɗi suna hannun mutane, ban gama tarawa ba."

"Wane da wane ne ba su biya ba? Faɗi sunayensu, a kira su."

Nan magana take ƙarewa, domin mutanen suna kusa, tafiyar sa'a guda ce a kan jaki, kuma kowannensu zai zo da rasit a ƙulle cikin layar hula ko a gwangwani, wanda bai samu rasit ba ya zo da shaidun da suka ga ya biya. Sai hakimi ya ba da kwanaki. Ba rubutacciyar doka ba ce, al'ada ce: a je a cike giɓi kafin maganar ta kai birni, kafin Baturen mulki, Di'o, ya zo rangadi ya buɗe littafi.

Waɗannan kwanaki su ne shirin fuskantar hukunci na wancan zamani, kuma duk gidan ne yake yinsa, ba mai laifi kaɗai ba. Doki ake fara fitarwa, a kai kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, kowa ya gan shi a hannun dillali ya san dalili. Sai manyan riguna. Sai a jinginar da gona, wadda a wannan ƙasa ta fi komai zafi, don wanda ya saki gona ba shi da dajin da zai sara ya yi sabuwa. Matan gida su kwance tasoshi da kwallaye daga jere, uwargida ta fito da abin da ta tara na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba don an tilasta mata ba sai don kada a ce uban 'ya'yanta yana gidan yari. 'Yan'uwa su yi karo-karo. A nemi liman ko wani dattijo mai faɗa a ji ya je ya yi ceto, kuma mai ceton ba ya zuwa hannu rabbana, da ƙullin kuɗi yake zuwa ya ajiye a gaban hakimi ya ce: "Ga abin da ya samu, Allah ya ba ka nasara, saura kaɗan, a yi masa haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa." Mai laifin kuma ya zauna da ƙaninsa ko babban ɗansa ya nuna masa rumbun da za a buɗe da wanda za a bari sai damina, ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya shiga wajen mahaifiyarsa in tana raye ya nemi gafara. Ba wanda yake tambayar yadda za a ja shari'a ta daɗe. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: nawa ya rage a mayar?

In an cike, sau da yawa ana tsira daga ɗauri, amma rawani ba ya tsira. In ba a cike ba, sai gaban alƙali ko majalisar sarki, sai ɗauri, sai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Fursunan hukumar gargajiya, wato En'e, ba a ɓoye yake ba. Ana fitar da shi aiki, ya yi shara, ya ɗauki kaya, mutanen garinsu da suka shigo birni cin kasuwar Kurmi su gan shi su kau da kai. Duk da haka tsofaffi sun ce ba ɗaurin ne ya fi ciwo ba. Ranar da aka warware wa mutum rawani, aka naɗa wa wani, shi kuwa ya koma garin nan dai, ya bi sahun salla ɗaya da mutanen da ya ci kuɗinsu, makaɗa suka daina yi masa kirari, masu neman 'yarsa suka ja da baya, wannan ita ce ranar. A garin da babu inda za ka ɓuya, kunya hukunci ce mai tsawon rai.

Malamai ma ba su bar abin a duhu ba. Shehu Usmanu ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki da harajin zalunci cikin halayen da ya soka a Kitabul Farƙi, ƙaninsa Abdullahi kuma a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don nuna wa masu riƙe da jama'a iyakarsu. Ɗalibin zaure ya san labarin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, da yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya tsawatar. Ya kuma san cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin. A kan wannan ginshiƙi al'adar cike giɓi ta tsaya.

Kada mai karatu ya ɗauka kewar mulkin En'e nake yi. Wanda ya ga an shanya magidanci a rana don ya kasa biyan sule goma ba zai yi kewarsa ba, haka wanda ya ga an tsallaka da shanu Damagaram da dare don gudun jangali. Kuɗin da ake tilasta wa dagaci ya mayar baitulmali suke komawa, ba aljihun talakan da aka karɓa wa sau biyu ba. Wanda ya ci na hukuma shi ake kamawa da gaggawa, wanda ya ci na talaka ya cika na hukuma daidai yakan tsufa da rawaninsa. Kuma tarun nan ƙananan kifaye ya fi kamawa. An tuɓe hakimai a kan kuɗin haraji, takardun da ke gidan adana tarihi na Kaduna suna ɗauke da irin waɗannan labarai, amma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya: wani sai a sauya masa gunduma kawai, malaminsa ya tafi gidan yari a madadinsa. Alƙalin da zai yi shari'ar, da ɗan dokan da ya yi kamun, da yarin da zai tsare, duk ma'aikatan En'e ɗaya ne. Wannan ne ya sa Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e, a watan nan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. 'Yan NEPU na ƙauyukan nan sun sha ɗauri a kan abin da bai wuce tambayar ina rasit ba. Su ne suka koya wa talaka cewa wannan 'yar takarda makami ce.

An taɓa yin lokacin da binciken kuɗi ya hau har ƙololuwa. A 1962 En'en Kano, wadda ta fi kowace En'e kuɗin shiga a Arewa, ta shiga matsalar kuɗi har biyan albashi ya yi wuya. Gwamnatin Sardauna ta naɗa wani Bature, D. J. M. Muffett, ya binciki asusunta. Ƙarshen abin, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus aka kai shi Azare. Ya yi shekaru kusan ashirin a can kafin a dawo da shi Wudil, inda ya rasu a 1991. Har gobe Kanawa ba su haɗu a kan wannan magana ba. Wasu sun ce an yi sakaci da dukiyar jama'a, wasu sun ce siyasa ce da takun saƙa tsakanin Kano da Kaduna, aka fake da lissafi. Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne ba a yi shari'a a fili ba, ba a karanta wa manomin Kunchi ko na Tsanyawa abin da ya faru da harajinsa ba, fam nawa ne, a hannun wa. Dagaci ana kiran shaidunsa a zaure kowa yana ji. Da abin ya kai sama sai aka rufe ƙofa, masoya ba su gamsu ba, masu ƙorafi ma ba su gamsu ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. Sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Farin 1973 da cutar shuka da ta biyo baya suka karya gyaɗa, dalar gyaɗa ta ɓace, kuɗin man fetur suka maye gurbi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai wani abu ya tafi tare da harajin wanda ba a lura da shi ba a lokacin. Da kuɗin hukuma daga aljihun manomi suke fita su hau sama, ya san nawa ya bayar, ya san wa ya ba. Yanzu daga sama suke saukowa, daga Legas, daga baya Abuja, ba wanda ya ga shigarsu balle fitarsu. Sai aka fara cewa kuɗin gwamnati ne, kamar gwamnati wata baƙuwa ce. Idon maƙwabci yana nan, yana ganin benen da ya tashi cikin wata shida, amma ba shi da rasit a hannu da zai ɗaga.

Sojojin da suka karɓi mulki a ƙarshen 1983 sun gwada tsoratarwa. Kotunan soja suka yanka wa tsofaffin gwamnoni shekaru masu yawa, har da Rimi da Sabo Bakin Zuwo na Kano. Bayan juyin mulkin Agusta 1985 aka sake duba hukunce-hukuncen, aka yi ta sakin mutane. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne hukunci yana bin wanda ke kan mulki, a yi haƙuri a jira iska ta juya.

Shari'ar da ta fi kusa da mu a wannan zamani ita ce ta Faruk Lawan, wanda ya wakilci Bagwai da Shanono a Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2015. Bayan zanga-zangar janye tallafin mai ta Janairu 2012, shi aka ba shugabancin kwamitin binciken kuɗin tallafin, ƙasa duka ta zuba masa ido. A cikin shekarar nan magana ta fito cewa ya karɓi dala 500,000 daga hannun ɗan kasuwa Femi Otedola don a cire sunan kamfaninsa daga jerin waɗanda ake tuhuma. Aka gurfanar da shi a 2013. Ba a yanke hukunci ba sai Yuni 2021, shekara bakwai. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi biyar a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairu 2024, ya fito daga gidan yarin Kuje a Oktoba na shekarar. Gaskiya ce a faɗa: ya yi zaman da aka yanka masa, abin da da yawa daga cikin takwarorinsa ba su yi ba, kuma wanda ya gama hukuncinsa yana da haƙƙin a bar shi ya ci gaba da rayuwa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yaron da aka haifa a bakin dam ɗin Watari a shekarar da maganar ta fito ya kusa gama firamare kafin Kotun Ƙoli ta rufe ta. A Abuja aka yi komai, da Turanci, mutanen da suka ba da amanar ƙuri'arsu a rediyo suka ji, kamar labarin wata ƙasa.

Wani lokacin ma hukuncin ne yake zama cin fuska. A Janairu 2013 wata kotu a Abuja ta samu John Yakubu Yusuf da laifi a kan kuɗin fanshon 'yan sanda na biliyoyin naira, bayan ya amsa laifinsa, ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida tare da umarnin ya mayar da sama da naira biliyan 22. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame, da aka ɗaure a 2018, an yi musu afuwa a 2022. Ɗan ƙauyen da ya saci akuya yana jiran shari'a a Kurmawa yana jin duk wannan.

Shirin fuskantar hukunci ma ya sauya kama. Yanzu manyan lauyoyi ake tarawa, a nemi ɗage zama, a kawo takardar asibiti, a shigo kotu a keken marasa lafiya, a sauya sunan gidaje zuwa na 'ya'ya da surukai, a tara masu kwalaye a ƙofar kotu su ce bi-ta-da-ƙulli ne. Kowane wanda ake tuhuma yana da haƙƙin lauya, kuma wannan ci gaba ne na gaske a kan zamanin da dagaci ba shi da mai kare shi sai bakinsa. Amma dubi inda ƙarfin dangi ya koma. Da suna haɗuwa don su mayar, yanzu suna haɗuwa don su ɓoye. A Amurka har sana'a ce shirya masu irin wannan laifi kafin ranar hukunci, kuma abin da ake fara gaya musu shi ne su amsa laifi ba tare da kwana-kwana ba, su fara biya tun kafin alƙali ya ce. A ranar da aka yanka wa Bernard Madoff shekara 150 a 2009, sai da waɗanda ya cinye wa dukiya suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka faɗi abin da ya same su, yana zaune yana ji. Zauren hakimi ya san wannan tun da daɗewa, ko da yake bai yi wa kowa adalci da shi ba.

Dokokinmu ba su rasa ƙofa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi sasantawa a kan amsa laifi a sashe na 270, ta kuma ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, Kano ma ta yi irin tata a 2019. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin yi wa al'umma aiki. Jihar Kano tana da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci. Saboda haka roƙona ga alƙalanmu da wannan hukuma ba ya bukatar sabuwar doka. In an kama wanda ya karkatar da takin zamani na manoman Makoɗa, ko kuɗin rijiyar burtsatse ta wani ƙauye a Gabasawa, a yi zaman yanke hukuncin a kotun da ta fi kusa da garin, a bar mutanen su yi magana kafin a yanke, a fassara musu abin da aka yanke da Hausa. Kada a karɓi sassauci daga wanda bai ajiye komai ba. Abin da aka ƙwato kuma a faɗi adadinsa a rediyo, a mayar da shi ga aikin da aka sace shi daga ciki, a haƙa rijiyar nan a garin nan, kada ya sake nutsewa a wani asusu a birni.

Kai kuma da kake jiran ranarka a kotu, da ku 'yan'uwansa da kuke zarya tsakanin ofishin lauya da gidajen manya, kafin ku sayar da fili don biyan lauya na uku, ku zauna ku rubuta abin da aka ci da sunan masu shi, ku fara mayarwa tun alƙali bai buɗe baki ba.